Tantin Iyali na Tafiya da Mota: Tambayoyi da Amsoshi Kafin a Saya

Waɗannan su ne tambayoyin da masu neman tantin da zai ɗauki iyali guda suka fi yi, wato irin tantin da ake loda wa a mota, a je a kafa a kwana biyu ko uku, ko a wurin shaƙatawa, ko a gona mai nisa, ko a wajen taro. Amsoshin sun yi la'akari da yanayinmu na zafi da ƙura da hadari mai zuwa da guguwa, domin yawancin tantunan da ke shigowa kasuwa an ƙera su ne don ƙasashen sanyi.

Me ya bambanta tantin tafiya da mota da sauran tantuna?

Nauyi. Mai hawan dutse yana goya tantinsa a baya, don haka ake yi masa na kilo 2 ko 3, mai yadi sirara, wanda sai da rarrafe ake shiga. Ku kuwa mota ce za ta kai muku kayan har bakin wurin, saboda haka ba ku da dalilin takura kanku. Tantin iyali na yadin roba mai ɗaukar mutum shida yakan kai kilo 12 zuwa 25, na auduga kuma ya haura 30. Kada a ruɗe ku da cewa marar nauyi ya fi. A nan, nauyi yakan zama alamar yadi mai kauri da sanduna masu ƙwari.

An rubuta mutum 6 a jikin jakar, mu ma mu shida ne. Zai ishe mu?

Ba zai isa ba. Wannan ne kuskuren da ya fi kowanne yawa, kuma shi ya fi ɓata tafiya.

Masu ƙera tanti suna ba kowane mutum faɗin kimanin santimita 60 ne da tsawon mita 2. Ma'ana, mutane shida kwance kafaɗa da kafaɗa, babu jaka, babu takalmi, babu wurin taka ƙafa idan yaro zai fita da dare. Ku gwada lissafin da katifun gaske. Katifar iska ta mutum biyu tana da faɗin santimita 140 zuwa 150. Shimfiɗar yaro guda santimita 65 zuwa 75 ce. Uwa da uba da yara huɗu ke nan suna bukatar kusan santimita 420, alhali tantin na mutum shida 360 kawai ya tanada. Tun ba a shigo da kaya ba an riga an ci bashin santimita 60.

Ƙa'idar da ake bi ita ce a ƙara mutum biyu a kan adadinku. Iyali huɗu su nemi na mutum shida, iyali shida su nemi na takwas. Idan kwanakin za su wuce uku, ko lokacin damina ne da ruwa zai iya tsare ku a ciki yini guda, a ƙara uku.

Amma abin da ya fi wannan ƙa'ida inganci shi ne tef ɗin awo. Ku nemi zanen ƙasan tantin, wanda ke nuna tsawo da faɗin ciki. Ku zana shi da alli ko gawayi a tsakar gida, ku shimfiɗa katifun da za ku tafi da su a cikin zanen, ku jera jakunkuna, sannan ku ga ko mutum zai iya tafiya daga kusurwa zuwa ƙofa ba tare da ya tsallaka wani ba. Sai ku rage santimita 20 zuwa 30 daga kowane gefe idan bangon tantin a karkace yake, domin katifa mai tudu ba ta shiga ƙarƙashin bango mai gangara. Idan ta shiga da ƙarfi, za ta tura yadin ciki ya taɓa rufin waje, wato yadin da ke lulluɓe tantin don tare ruwa, nan ne ruwa ke samun hanya. Kowane mutum ya samu murabba'in mita 2 zuwa 2 da rabi, shi ne walawa.

Wace siffa ce ta fi: mai kama da ɗaki, mai kama da rumbu, ko dogo mai baka?

Kowace da abin da take saya muku da abin da take karɓa.

Mai kama da ɗaki, bangonsa a miƙe yake, tsayin tsakiyarsa mita 2 ko sama da haka, kuma kusan ko'ina a ciki babba zai tsaya. Ya fi daɗin zama, ya fi sauƙin sa kaya da yin salla a ciki. Illarsa ita ce bango miƙaƙƙe yana tare iska kamar zanen da aka shanya. Idan guguwa ta taso, shi ne na farko da ke rusunawa.

Mai kama da rumbu, wato mai zagayayyen kai, wanda sanduna biyu ko uku ke gittawa a samansa, iska na zamewa ta kansa. Ƙarami daga cikinsu yana da ƙarfi sosai. Amma idan ya yi girma, sandunan suna yin tsawo su yi laushi, kuma a tsakiya kaɗai ake iya miƙewa.

Dogo mai baka, wanda sandunansa ke jere kamar haƙarƙari, shi ne Turawan Ingila da Holan suka fi amfani da shi don iyali. Yana ba da ɗakunan kwana a baya da falo a gaba. Ba ya tsayuwa da kansa, sai an ja shi da turaku gaba da baya. Idan aka juya ƙeyarsa ga iska yana jurewa ƙwarai, idan iska ta buge shi ta gefe kuma sai ya riƙa lotsawa.

Akwai kuma mai sanda ɗaya a tsakiya, na auduga, mai kama da bukka. Mai faɗin mita 5 tsayin tsakiyarsa ya kai mita 3, iska na yawo a ciki, kafa shi ba wuya. Sai dai ɗaki ɗaya ne tal, kuma nauyinsa yakan haura kilo 30.

Ga iyali mai yara da za su riƙa fita a rani da hunturu, mun fi karkata ga mai kama da ɗaki wanda ke da sandunan ƙarfe da igiyoyin ja da yawa, wato igiyoyin da ake ɗaure tanti da su a turaku. Ga masu fita a damina, dogo mai baka.

Tsayi nawa ya kamata?

Tsayin wanda ya fi kowa tsawo a gidan, a ƙara santimita 10 zuwa 15. Ku lura cewa lambar da ake rubutawa ta ƙololuwar tsakiya ce kawai. Ku tambayi tsayin bakin ƙofa ma, domin nan ne ake sunkuyawa sau hamsin a yini.

Babba ɗaya mai ɗakuna, ko matsakaita biyu?

A nan maganar sutura ce ke gaba. Labulen da ake ratayawa a tsakiyar tanti a kira shi ɗaki na biyu, ba ɗaki ba ne: bai kai ƙasa ba, bai kai sama ba, kuma ƙofa ɗaya ce. Idan ana son ɗakuna na gaske, a nemi wanda ɗakunansa ke rufuwa da zif, kuma zai fi kyau a samu ƙofa biyu don kada masu fita alwala da asuba su bi ta kan wasu.

Wani abu da mutane ba sa tunawa sai sun kwana: idan aka kunna fitila a cikin tanti mai farin yadi da dare, na waje yana ganin inuwar duk motsin da ake yi. Maganinsa ɗakin ciki mai baƙin yadi ko mai duhu, ko kuma a rataya fitilar kusa da bangon da ke fuskantar mutane maimakon a ajiye ta a bayan masu zama.

Idan yara sun kai shekara goma, lokacin raba musu makwanci ya yi, kuma sau da yawa tanti biyu na mutum huɗu-huɗu sun fi ɗaya na mutum takwas. Sun fi sauƙin kafawa, sun fi jure iska, sun fi sauƙin samun fili mai laushi, kuma idan ɗaya ya lalace ba a rasa mafaka ba. A kafa su suna fuskantar juna, a ɗaura tamfol a tsakani ya zama rumfar zama. Idan kuwa yaran ƙanana ne, a haɗu a ɗaya, uba ya kwanta ta bakin ƙofa.

Yadin auduga ko na roba?

Yadin roba iri biyu ne, foliyesta da nailan. Foliyesta ya fi dacewa da mu: ya fi jure rana, kuma ba ya saki idan ya jiƙe. Nailan yakan saki da ruwa, rana kuma ta fi saurin cinye shi. Kaurin zaren ana nuna shi da lamba da harafin D. Rufi mai 68D ko 75D shi ne na yau da kullum, 150D ya fi ƙarko sosai. A ƙarƙashin ranar Maris da Afrilu, siririn yadi da aka bari a kafe makonni zai koɗe, ya yi ƙarau, har yatsa ya iya huda shi.

Auduga, ko gaurayen auduga da foliyesta, tana numfashi. Da rana cikinta ya fi sanyi, da daren hunturu ya fi ɗumi, ba ta kaɗawa da ƙara idan iska na busawa, kuma tana shekaru idan an kula da ita. Kuɗinta ya fi yawa, nauyinta ya ninka, tana daɗewa kafin ta bushe. Abokan gabanta biyu ne: funfuna idan aka naɗe ta da danshi, da gara idan aka ajiye ta a ƙasa.

Sabon tantin auduga yakan yi ɗan yoyo a karon farko, wannan ba aibi ba ne. A kafa shi a gida, a jiƙa shi sharkaf, a bar shi ya bushe, a maimaita sau biyu ko uku. Zaren zai kumbura ya toshe hudojin allura.

Mene ne ma'anar 1500mm ko 3000mm da ake rubutawa?

Awon ƙarfin yadi ne wajen tare ruwa. Ana ɗora bututu a kan yadin a riƙa cika shi da ruwa, tsayin da ruwan ya kai kafin ya fara ratsawa shi ne lambar. Milimita 1500 ta isa ga ruwa marar ƙarfi. Ga ruwan Agusta mai zuwa da iska, a nemi 3000 a rufi, 5000 ko fiye a ƙasa, domin gwiwar mutum idan ya durƙusa tana matsa ruwa ya ratso.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Ruwa ba kasafai yake ratsa tsakiyar yadi ba, ta ɗinki yake shiga. Ku juya rufin ku duba bayansa: kowane ɗinki ya kamata a ga an manne shi da siririn tef mai sheƙi. Sannan ku duba girman rufin kansa. Tantuna masu araha da yawa rufinsu ɗan hula ne a ƙololuwa, tagogi da bango a buɗe. Ruwan da ke sauka a miƙe ne kawai irin wannan zai tare, namu kuwa a karkace yake zuwa. Rufin da ya sauko har kusa da ƙasa, mai baki da ya rufe zif, ya fi babbar lamba a kan ƙaramin rufi.

Zafi fa? Ba za mu dahu a ciki ba?

Za ku dahu idan kuka sayi wanda aka yi don sanyin Turai, mai taga ta roba mai haske wadda ba ta buɗuwa. A ƙasarmu, hanyar iska ta fi lambar ruwa muhimmanci, domin kwanakin zafi sun fi na ruwa yawa.

Abin da za a nema: manyan tagogin raga a bango biyu masu fuskantar juna don iska ta ratsa, ƙananan kafofi a ƙasa kusa da inda kai yake idan an kwanta, da kafa a sama inda iska mai zafi za ta fice. Kafar sama ita kaɗai ba ta aiki sai da ta ƙasa, kamar murhu ne, sai iska ta shiga ta gindi hayaƙi ke tashi. Kowace raga kuma ta kasance tana da murfin yadi mai zif daga ciki, saboda hunturu. Tantin da samansa raga ce zalla yana da daɗi a daren bazara, amma a watan Janairu za ku wayi gari ƙura ta rufe bargo, yara na tari.

Wasu kamfanoni suna yin yadi mai hana haske, kamar Fresh & Black na Decathlon da Dark Room na Coleman. Yana rage hasken safe da ɗan zafi, yana kuma magance matsalar inuwa da aka ambata. Amma babu yadin da ya kai inuwa. Tamfol da aka ɗaura sama da tantin da tazarar kamu biyu ko uku ya fi kowace dabara. Idan za a fake a gindin bishiya, a ɗaga kai a duba busassun rassa tukuna. Gawo yana da ganye a rani, inuwarsa na da kyau, amma sai an share ƙayar da ke ƙarƙashinsa sosai.

Sandunan faiba, ƙarfe, alminiyam ko na hurawa?

Faiba, wato roba mai haɗe da zaren gilashi, ita ce ta tantuna masu araha. Tana lanƙwasa da kyau, amma idan ta gaji sai ta tsage a tsaye ta yi tsartse masu shiga hannu, kuma yawanci a bakin ƙarfen haɗi take karyewa. A babban tanti, kada kaurinta ya gaza milimita 11, 12.7 ya fi. Alminiyam ya fi sauƙi da ƙarko, idan ya lanƙwashe ana iya miƙe shi a hankali. Ƙarfe mai kaurin milimita 19 zuwa 22 shi ne na tantuna masu kama da ɗaki: nauyi ne da shi, yana tsatsa idan fentin ya goge, amma kowane mai walda zai iya gyara shi, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Masu hurawa da famfo, irin AirBeam na Vango, mutum ɗaya na iya kafa su, kuma idan iska ta kwantar da su sai su sake miƙewa. Matsalarsu a nan ita ce zafi da ƙaya. Iskar da aka hura da sanyin safe tana kumbura da rana, don haka kada a wuce awon da kamfanin ya faɗa, a kuma ɗan rage idan rana ta take. Samun bututun canji ma sai an yi odarsa daga waje.

Waɗanda ake buɗewa nan take, masu sanduna a haɗe da yadin, suna tashi cikin minti biyu ko uku. Raunin su yana gaɓoɓin roba. Idan gaɓa ɗaya ta karye, da wuya a samu madadinta. Jakarsu kuma doguwa ce, takan wuce mita ɗaya.

Me ya sa tanti ke faɗuwa idan hadari ya taso?

Kusan kullum saboda ba a ɗaure igiyoyin ja ba. Mutane na kafa tanti da yamma gari shiru, su ga ya tsaya, su bar igiyoyin a naɗe. Sanduna siffa kawai suke ba tanti, igiyoyi ne ke riƙe shi. Hadarin damina a arewa yawanci daga gabas yake tasowa, kuma guguwa ce ke riga ruwa isowa, ba ta ba da lokacin neman guduma. Iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take. Saboda haka a juya bayan tantin ga gabas, ƙofa ta kalli yamma ko kudu maso yamma, a kuma ajiye motar ta gefen da iska ke fitowa.

Turakun da ke zuwa a cikin jaka galibi siririyar waya ce, ba ta da amfani sai a kan ciyawa mai laushi. A ƙasa mai tauri ko marmara, a nemi turakun ƙarfe masu kama da babbar ƙusa, tsawon santimita 25 zuwa 30. Maƙeri zai sare muku su daga rodi mai milimita 8 ko 10, ya lanƙwasa kan. A cikin yashi kuwa siririn turke ba ya kamawa: a yi amfani da masu faɗi, ko a cika ƙaramin buhu da yashi, a ɗaura igiyar a jikinsa, a binne shi zurfin kamu biyu. Turke ana buga shi a karkace, kansa na kallon nesa da tantin. Igiya ta yi nisan mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga bango, ta bi layin ɗinki. A rufe dukkan zif kafin a ja kusurwoyi, in ba haka ba za a ja ƙofar ta buɗe fiye da kima, zif ya ƙi haɗuwa.

Kada a kafa a cikin kwari ko busasshen rafi ko da sama garau take, ruwan da aka yi a wani wuri yana iya gangarowa da dare. Idan ana tsawa, a koma cikin mota a rufe gilashi. Tanti ba ya kare mutum daga aradu.

Ƙasan tantin fa, me za a duba?

A nemi wanda ƙasansa ke haɗe da bango, ya tashi sama santimita 10 zuwa 15 kamar kwano. Wannan yana hana ruwa mai gudu, yana hana kunama da cinnaku. Kafin a shimfiɗa, a share filin da tsintsiya: ƙarangiya da tsidau da guntun kara suna huda ƙasan tanti, su kuma sace iskar katifa. A sa tamfol a ƙarƙashi, amma a naɗe bakinsa ya gaza faɗin tantin da kamar santimita 5 ta kowane gefe. Idan ya leƙo waje, ruwan da ke zubowa daga rufi zai taru a kansa ya kwanta a ƙarƙashinku. A ciki kuma a shimfiɗa tabarma.

Ba a yi ruwa ba, amma mun tashi bango a jiƙe. Yoyo ne?

Numfashinku ne. Tururin jikin mutum shida a rufaffen wuri yana haɗuwa da yadi mai sanyi ya zama ruwa, kamar gumin da ke fitowa a jikin kwalbar ruwan sanyi. A bar kafofin sama a buɗe ko da ana sanyi, a fitar da jiƙaƙƙun kaya, a kuma ja rufin waje da kyau don kada ya taɓa na ciki.

Sauro, kunama da maciji?

Raga mai ƙananan ido a kowace ƙofa da taga, da zif da ke rufuwa har ƙarshe ba tare da rami a kusurwa ba. Doka ɗaya ce za a koya wa yara: wanda ya buɗe ya rufe. Takalma su kwana a ciki ko a cikin jaka, a kuma kakkaɓe su da safe. Kada a fesa maganin sauro a jikin yadin, yana lalata shafen robar da ke jikinsa mai hana ruwa. Abinci ya kwana a mota. A wuri irin sansanin Wikki da ke Yankari a jihar Bauchi, gwaggon biri ya saba da mutane, yana bin ƙanshin abinci, kuma yadin tanti ba ya tare shi. A irin waɗannan wurare a tambayi ma'aikata inda aka yarda a kafa tanti, a kuma bincika halin tsaron hanya da na wurin kafin a tashi.

Za a iya girki a ciki, ko a shigo da garwashi saboda sanyi?

A'a, ko kaɗan. Gawayi, risho, gas da janareto duk suna fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana sa ciwon kai da jiri da barci, mutum ya wuce bai farka ba, kuma yara ta fi saurin kamawa. Garwashin da ya yi kamar ya mutu ma yana ci gaba da fitar da ita, don haka ko kaskon turare kada ya kwana a ciki. Janareto ya yi nisan aƙalla mita 6, ta inda iska za ta tafi da hayaƙin. Kada a bar mota a kunne salansarta na kallon tanti. Yadin roba kuma idan ya kama wuta narkewa yake yi yana ɗiga a jiki. Girki a waje, a ƙarƙashin rumfa mai buɗaɗɗen gefe. Sanyi kuwa bargo ne maganinsa, da shimfiɗa mai kauri a ƙasa, domin ta ƙasa sanyi ya fi shiga jiki.

Na gwanjo yana da kyau?

Ana samun nagari, amma kada a biya sai an buɗe an kafa. A fara da hanci: idan yana warin tsami ko na amai, shafen robar da ke cikin yadin ya fara ruɓewa. A shafa bayan rufin, idan yana danƙo ko yana zubar da farin gari kamar amosani, ya gama aiki, kuma wanki ba ya dawo da shi. A duba tef ɗin ɗinki ko yana ɓarewa. A ɗaga yadin ga rana a nemi huda da baƙaƙen ɗigon funfuna. A ƙirga sanduna, a lanƙwasa kowace a saurari ƙara. A ja kowane zif sau uku. Robar da ke cikin sanduna idan ta saki ba komai, ana canza ta da araha. Turaku da igiya ma ana samu. Amma rasa rufin waje ko gaɓar sanda ta musamman dalili ne na barin sa.

Zif ya fara buɗewa ta baya. Ya lalace ke nan?

Yawanci haƙoran lafiya suke, kan zif ɗin ne ƙura ta cinye har bakinsa ya buɗe. A mayar da shi farko, a matse gefensa biyu da filaya kaɗan-kaɗan, ana gwadawa. Idan ya ƙi, tela mai ɗinkin jaka zai sa sabon kai. Lokacin saye a nemi zif mai kauri, lamba 8 ko 10 a babbar ƙofa, kuma YKK suna ne da aka sani da inganci. Bayan kowace tafiya a goge haƙoran da tsohon buroshi. Kada a shafa mai ko man shafawa, ƙura yake tarawa.

Zai shiga mota tare da sauran kaya?

A auna kafin a saya. Tantin mutum shida zuwa takwas a naɗe yakan kai santimita 70 zuwa 80 a tsawo, 35 zuwa 45 a kauri. A ƙaramar mota irin Corolla wannan ya ci wuri mai yawa, ga katifu da kula da jarkar ruwa. Raba sanduna da yadi jaka biyu yana sauƙaƙa lodi. Idan za a ɗora a saman mota, a duba nauyin da littafin motar ya yarda, a ɗaure da bel mai ƙugiya. Tantin ya zama na ƙarshe da za a loda, don shi ne na farko da za a sauke.

Yaya za a ajiye shi ya daɗe, kuma me za a riƙa tafiya da shi na gyara?

Ya bushe ƙarau kafin a naɗe. Idan dole ta sa aka naɗe shi a jiƙe, a shanya shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanki da ruwa da soso mai laushi kawai, ban da omo, ban da injin wanki. A ajiye shi a kan kanta ko a rataye, a wuri mai iska, nesa da ɓera da gara. But ɗin mota da saman silin ƙarƙashin kwano suna dafa shafen robar yadin ya lalace da wuri.

A cikin jakar a bar guduma, turaku shida na ƙari, igiya mita 10, tef mai ƙarfi, allura da zaren nailan, filaya, ƙyallen faci, da guntun bututun ƙarfe mai tsawon santimita 12 zuwa 15 wanda sanda za ta iya shiga cikinsa. Idan sanda ta karye, a zura bututun ya rufe wurin karayar, a naɗe bakinsa biyu da tef, zai kai ku ƙarshen tafiya. Sabon tanti kuma a kafa shi a gida sau ɗaya da rana, mutum biyu, a watsa masa ruwa da bokiti a ga inda zai ɗiga, a sa wa sandunan alama da tef mai launi, a kuma ɗauki hoton yadda aka naɗo shi daga kamfani kafin a warware.